Ya-ƙi-zauna da Ciwon Bayan Babanmu

Mutane in suna ba da labarin tatsuniyar ƙuruciya, sai ka ji suna cewa sanyi ne yake tara su a bakin wuta. Mu a Jidda wane sanyi? Wutarmu ta sana'a ce. Kakata, mahaifiyar babana, gyaɗa take soyawa tana sayarwa a ƙofar makarantar yara, kuma ba ta yarda da gas ba, wai gyaɗar gas ba ta da ɗanɗano. Saboda haka kullum bayan magariba sai a hau rufin gidanmu a unguwar Sa'alaba, a hura gawayi, a ɗora kaskon yashi. Ga na'urar sanyi tana ta ƙugi a ɗaki ba kowa a ciki, mu kuwa muna sama zufa tana bin bayanmu. Ni da ƙanena Haruna aikinmu murje ɓawo da ƙulla gyaɗa a leda, ladanmu kuma tatsuniya. Har yau ban san wanda ya ci ribar wannan ciniki ba, amma na san ba mu ba ne.

A kan rufin nan dokarta ɗaya ce, ba a Larabci. Mu haifaffun Jidda ne, babanmu ma nan aka haife shi. Ita kaɗai ce ta zo daga Haɗeja tana yarinya, tare da iyayenta da suka taho aikin hajji ta ƙasa ba su koma ba. Hausa muna ji sarai, amma in za mu yi magana sai Larabci ya riga ta fitowa. In Haruna ya ce mata "Sitti", sai ta yi kamar iska ce ta wuce, har sai ya ce "Kaka". In ta buɗe da cewa, "Ga ta nan, daga ƙasar masu cin shinkafa da tsinke," mu kuma muka amsa, "Yalla, ta zo," sai ta ajiye ludayi ta ce ita ba direban tasi ba ce da za a ce mata yalla.

Tana da tatsuniyoyin kura da zomo irin na kowace tsohuwa, amma tana da guda ɗaya da ba kowa ke da ita ba, ta wani ɗan kokawa a Japan. Ga yadda ta same ta. Kafin ta kama gyaɗa, ta yi shekaru tana wanki da guga a gidan wani injiniya ɗan Japan da ke aiki a wurin tace ruwan teku. 'Yan uwansa sukan aiko masa da kaset na bidiyo na kokawar ƙasarsu, matarsa kuwa ba ta da abokiyar kallo sai Kaka. Madam tana bayani da karyayyen Larabci, Kaka tana saurare da nata Larabcin da shi ma ɗingishi yake yi, abin da ya zube a tsakani kuma ta cike da Hausa. Da madam ta ce sunan wasan sumo, Kaka ta dubi ƙattin nan da gashi ɗaure a tsakar ka, ta ce lallai kam, wasan suma. Da madam ta nuna babbansu ta ce yokozuna, Kaka ta ji "ya ƙi zauna". Ta ce suna ya dace, tunda a wasan duk wanda ya taɓa ƙasa da wani abu ban da tafin ƙafa, ko ya fita daga da'ira, an kayar da shi. Shi ke nan mutumi ya zama Ya-ƙi-zauna. Sai da na girma na san ba sunansa ba ne, muƙami ne, mafi girma a kokawarsu. Ainihin sunan bawan Allahn har yau ban sani ba, kuma duk mai zuwa ya gyara mini ya makara.

Shekarar da nake magana a kai, ban fi sha ɗaya ba. Babanmu ɗan dako ne a wani babban sito a unguwar Khumra, shi ne ma shugaban 'yan dakon. Buhun shinkafa biyu yake saɓawa ya hau katako da su kamar ba komai. In tirela ta gagari mutane, sai a ce a kira Abu Haruna. To a shekarar bayansa ya fara. Da farko ya ce iska ce ta shige shi. Daga nan ya fara salla a zaune in yana ganin ba mai kallo. Daga nan ƙafar hagu ta fara mutuwa. Likita ya faɗa masa ƙarara cewa in ya ci gaba da ɗauka, wata rana shi za a ɗauko, kuma ba zai sake takawa ba. Umma ta yi kuka, ta yi roƙo, ya ce halas, a bar maganar. Da asuba ya ɗaure ƙugu da rawani ya hau motar sito.

Mutum ɗaya ce a duniya da in ta ce masa bari zai bari, wato uwarsa. Ita kuma ba za ta ce ba, domin shi ɗan fari ne. Wanda bai tashi cikin Hausawa ba zai sha wuyar gane wannan, ni ma da na tashi a ciki ban gama ganewa ba. Kaka ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ba ta haɗa ido da shi, ba ta ce masa ya jiki. In ta kama dole sai ta ce "wancan", ko "uban yaran nan". Alkunya ke nan. Maƙwabciyarmu Balarabiya takan rungume ɗanta mai gemu a tsakiyar titi tana sumbatar goshinsa, tamu kuwa tana ganin nata yana jan ƙafa a kan matakala, sai ta juya ta gyara gawayi. Abin yana ƙona mini rai ba kaɗan ba.

A cikin wannan hali Baba ya fara hawowa rufi da yamma, wai kwanciya a kan siminti tana sassauta masa baya. Sai ya shimfiɗa tabarma can wajen tankin ruwa, ya rufe fuska da tawul, ya yi kamar barci. Daga ranar kura da zomo suka ɓace. Kullum Ya-ƙi-zauna, kullum Ya-ƙi-zauna, kuma muryar Kaka ta ƙaru, alhali mu muna zaune dab da gwiwarta.

Ya-ƙi-zauna, in ji Kaka, ɗan masunta ne daga wani ƙauye mai ƙanƙara. Aka kai shi gidan horon kokawa yana yaro siriri. A can ƙanana su ke shara, su ke girki, su ke cuɗa wa manya baya a wanka, kuma ba sa cin abinci sai manya sun ƙoshi an bar musu romo.

"Kun ji ko? Romo," in ji ta. "Ku kuwa a ba ku burodin tamis da waken ful ku ce ina cuku."

Abincinsu tukunya ɗaya ce ƙatuwa, kuma lokacin gasa kaza suka fi so, don kaza a kan ƙafa biyu take tsaye, saniya kuwa mai ƙafa huɗu a ƙasa ta yi kama da wanda aka kayar. Kaka ta ce wannan ne kaɗai hankalin da ta gani a wajensu. Sauran al'adunsu duk ba su yi mata ba. Ƙatti da 'ya'ya su fito daga su sai bante, wannan ta yi shekaru tana istigfari a kai. Amma wanda ya fi ci mata rai shi ne gishiri.

"Kafin a kama, kowa sai ya ɗebi gishiri cike da hannu ya watsar a ƙasa. Gishiri fa, na miya. Na ce wa madam, uwarsu ba ta gani ne?"

A nan labari yake makalewa kullum. Daga gishirin Japan sai ta faɗa kan yadda gishiri ya yi musu wuya a hanyar Sudan, da yadda mahaifiyarta take ƙulle shi a bakin zane, da wata mata 'yar Gumel da ta ara ba ta mayar ba. Mu muna jiran a kama kokawa, ita tana bakin teku tana jiran jirgi. In ka ce ta dawo, sai ta ce kai ka ba da labarin. Na sha murje gyaɗa da haushi har ta farfashe a hannuna.

In Allah ya sa ta dawo, sai mu iso karonsa na farko da ya yi suna. Da wani ne da Kaka ta raɗa wa Tulu, saboda ba wuya, ba ƙugu, ciki ne kawai da kai a sama. Ya ninka Ya-ƙi-zauna a nauyi. Suka tsuguna, suka zuba wa juna ido, sai suka miƙe suka koma ɗibar gishiri. Suka dawo suka tsuguna, suka sake miƙewa. "Haka suke yi, kamar cinikin akuya," in ji ta, "sai ranka ya gama ɓaci sannan su haɗu." Da suka haɗu kuwa, ƙarar kawunansu ta sa Kaka ta saki dutsen guga. Tulu ya tura shi, ya tura shi, har dugadugansa suka hau kan damin ciyawar da ke zagaye da fili. Saura ƙiris. Sai ya cusa hannu ya damƙi ɗamarar Tulu ta baya, ya karkace gefe, nauyin Tulu ya kwashi Tulu ya wuce da shi, ya gangara ya faɗa kan wani tsohon alƙali mai baƙar riga da ke zaune a ƙasa. Nan Kaka takan kwatanta da ludayi, yashi mai zafi ya fallatso mana a ƙafa. Abin da ya fi burge ta shi ne bayan nasarar. Mutumin ya koma gefensa, ya sunkuyar da kai, ya tsuguna.

"Ko haƙori bai nuna ba. Da 'yan ƙwallon nan naku ne, da ya tuɓe riga yana zagaye fili."

Ya yi ta kayar da mutane shekara da shekaru, har manyansu suka zauna suka ce a ɗaura masa farar igiya, mai kauri kamar ta ɗaure jirgi a tashar ruwa. In ya ɗaura ta ya fito, yakan ɗaga ƙafa sama ya buga a ƙasa, dubban mutane su amsa da murya ɗaya. A nan Kaka takan juya fuska wajen tankin ruwa, wai hayaƙi ne ya dame ta.

"Daga wannan igiya babu sauka. Kowa in ya sha kaye ana rage masa matsayi, ya koma ƙasa ya sake hawa. Mai igiya ba a rage shi. In ƙarfi ya ƙare, hanya ɗaya ce, ya bari da kansa tun mutane suna ganin girmansa."

Tawul bai motsa ba.

Karo na biyu shi ne wanda Haruna ya fi so. Da Mai Tabo ne, abokin hamayyarsa na shekaru, ranar ƙarshe ta gasa, kofi a tsakaninsu. Suka riƙe ɗamarar juna suka tsaya cak, ba mai motsi sai numfashi, har zufa ta jiƙa ƙasa. Sai suka juya suka faɗi tare. Alƙalai suka hau fili, suka haɗa kai suka yi ƙus-ƙus, suka ce a sake. Aka sake, suka kuma faɗuwa tare. A na uku gwiwar Ya-ƙi-zauna ta riga ta kumbura, yana takawa yana cije leɓe, amma ya ɗaga Mai Tabo ɗungurungum ya ajiye shi a wajen da'ira. A da, in Kaka ta zo nan, har guɗa take yi ƙasa-ƙasa. A wannan shekarar kuwa sai ta taɓe baki.

"Ya ci kofi, ya bar gwiwa a wurin. To kofin ne zai yi masa tafiya?"

Na ce, "Kaka, bara cewa kika yi wannan ne jarumtar da ba a taɓa gani ba."

Ta ce, "Bara ba ni da hankali. Ƙulla ledarki."

Haka muka yi ta yi kusan wata guda. Tana jifa, yana kwance, Umma tana leƙowa daga matakala tana share ido, da asuba motar sito ta yi ham ya fita. Kuma duk tsawon lokacin ba ta kai labarin ƙarshe ba. In ta zo kusa sai ta ce an kira isha.

Ranar da ta kai shi ƙarshe, ranar ce abokan aikin Baba biyu suka kawo shi gida a tsakaninsu, hannuwansa a wuyansu. Ƙafar ta saki yana kan katako da buhu a kafaɗa. Ya ce musu santsi ne. Ya yi wanka, ya rarrafa ya hau rufi, ya kwanta a wurinsa, ya kuma ce wa Umma ta tashe shi da asuba kamar kullum. Kaka ta hura gawayi. Ba ta yi maganar gishiri ba ko sau ɗaya.

Ta ce gwiwar Ya-ƙi-zauna ba ta sake warkewa ba. Ya riƙa fashin gasa, ya dawo, ya sake fashi. Rannan aka haɗa shi da wani yaro sabon hawa, wanda lokacin da aka ɗaura igiyar yana makarantar firamare. Ba a ja numfashi ba yaron ya ture shi, gwiwa ta ƙi, Ya-ƙi-zauna ya zauna daɓas a gaban duniya. 'Yan kallo suka yi ta wurgo matasan da suke zaune a kai, fili ya cika. Madam ta rufe fuska da rigar da Kaka ta gama gogewa. Washegari ya ce ya bari. Daga baya aka yi masa bikin aski. Aka zaunar da shi a kujera a tsakiyar fili cikin kayan girma, maza suka yi layi, kowa ya zo ya ɗan tsinke gashi kaɗan da almakashi, a ƙarshe maigidansa da ya raine shi ya yanke tukkun gaba ɗaya.

"Ƙato kamar ɗaki yana hawaye. Amma da ƙafarsa ya sauko daga filin. Ba ɗauko shi aka yi ba."

Ta faɗi haka tana kallon kasko. Ni kuwa haƙurina ya ƙare. Na ce, "Kaka, don Allah ga shi can kwance. Ki juya ki faɗa masa mana."

Ta ce, "Wa? Ni da jikokina nake hira, Takwara."

Takwara take ce mini domin sunanta aka sa mini, shi ya sa ma Baba ba ya kiran sunana, sai dai ya ce Ummi. Sai ga tawul ya motsa. Baba ya janye shi daga fuska, yana kallon sama, ya ce, "Ummi, tambayi mai tatsuniya, da aka gama askin ina ya tafi?"

Na dubi Kaka. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta fi tabarma biyu ba, kuma kunnenta ras yake. Ta ci gaba da juya gyaɗa tana jira. Wallahi sai da na maimaita.

Ta ce, "Gaya masa yana ƙasarsu, cikin mutanensa."

Na juya na gaya masa. Na zama wayar tarho tsakanin uwa da ɗa.

Ya ce, "To gaya mata shi in ya zauna, a ƙasarsu zai zauna. Ni iƙamata, takardar zamana a ƙasar nan, a hannun mai sito take, shi ne kafilina. Ranar da na ajiye aiki, ranar kafili zai ajiye ni, kuma ku duka a kan takardata kuke, har ita. In aka ce mu fita, ina muka nufa? Nan aka haife ni. Ko hanyar Haɗeja ban sani ba."

Wannan ban maimaita ba, ba a kuma nemi in maimaita ba. Ban taɓa sanin cewa zamanmu a garin da aka haife mu a kan bayan Baba yake ba, sai a wannan yammar. Umma ta yi magana daga matakala, ta ce ai tsohon maigadin sito ya koma ƙasarsu, kujerar tana nan ba kowa, in ya roƙi kafili zai iya mayar da shi can, takarda ba za ta taɓu ba. Baba ya ce, "Ni? In zauna a kujera ina buɗe wa yaran da na koya wa dako ƙofa? Gara a ɗauko ni." Ya mayar da tawul. Gyaɗar kaskon ta ƙone ƙurmus, Kaka tana zaune a gabanta da ludayi a hannu.

Da asuba bai iya tashi ba, saboda haka bai je ba, amma ya aika a ce gobe yana tafe. Da yamma ya sake rarrafawa ya hau. Muka zauna, na ɗauka yau dai za a dawo mana da kura. Kaka ta gyara zama ta ce, "Jiya ban ƙarasa ba."

Haruna ya ce, "Kin ƙarasa mana, an aske shi."

Ta ce, "To da aka aske shi mutuwa ya yi?"

Ta ce bayan ya bar kokawa bai bar gidan kokawa ba. Aka ba shi wata shuɗiyar jaket irin ta ma'aikata, aka tsayar da shi a bakin hanyar da 'yan kokawa ke bi su shiga fili. Gadi. Yana hana 'yan kallo tare hanya, yana nuna wa tsofaffi wurin zama. Yara suna wucewa ta gabansa da tukkunsu suna ƙyalli, har yaron nan da ya zaunar da shi. Mutumin da dubbai suke amsa wa bugun ƙafa, ga shi da gajeren gashi yana cewa a matsa gefe.

Na ce, "Kaka, wannan ƙari ne. Shekara nawa kina ba mu labarin nan, ba mu taɓa jin wata jaket ba."

"Ke kika kalli kaset ɗin ko ni?"

"To me ya hana ki faɗa tun da?"

"Yara ba sa son wannan wurin."

Na buɗe baki zan ƙara, sai muryar Baba ta fito daga ƙarƙashin tawul. "Ummi, tambaye ta, da gaske ne?"

Wannan karon ba ta jira na maimaita ba. Ta ce, "Gaya masa ni ban taɓa yi masa ƙarya ba."

Kada wani ya ɗauka washegari ya tashi da fara'a ya karɓi kujera. Sai da ya yi kwanaki yana huci, yana faɗa da kowa a kan komai, shayi ya yi zaƙi, shayi ba zaƙi. Rannan dai ya sa farar riga ya je ya sami kafili. Kafili ya yarda, albashi ya ragu, iƙama ta tsaya. Watannin farko ba su yi daɗi ba. Wasu cikin yaransa suna tsayawa su gaishe shi, wasu kuwa su danna ham daga cikin mota suna kiran "ya haris", wato maigadi, kamar ba su san sunansa ba. Kaka ta koma kan kura da zomo, ba ta sake ambaton Ya-ƙi-zauna ba har ta bar duniya. Sunan ɗanta ma haka, ba ta kira ba ko a gadon asibiti.

Na daɗe da yaƙinin cewa jaket ɗin nan a kan rufinmu aka ɗinka ta. Ina ganin tsohuwa ce ta rasa yadda za ta yi, ta ƙirƙiro wutsiya ta liƙa wa labari, kuma har ta rantse a kai. Wani lokaci abin ya ba ni dariya, wani lokaci ya ba ni haushi, domin duk wannan kewaye-kewaye kalma biyu za su iya maye gurbinsa da ta yarda ta juya. Ina yarinya na ɗauka darasin shi ne mutum ya bari tun da girmansa. Da na fara aiki, na fara ganin yadda ake sabunta takarda kowace shekara da rai a hannu, sai na gane ba kowa ke da gatan bari ba. Wanda za a yi wa layi da almakashi ya sami sauƙi. Mai wuya shi ne ka sauko daga inda kake, ka ci gaba da zuwa wurin kowace safiya, kana gaishe da waɗanda suka san ka a da. Baba ya yi haka har sai da kowannenmu ya sami aikinsa da iƙamarsa, sannan ya ajiye makullin. Alkunyar kuwa har yau ban yafe mata ba gaba ɗaya. Ni ɗana na fari sunansa ba ya barin bakina daga safe zuwa dare, ina rungumarsa a gaban abokansa har ya ji kunya. Sai dai in na ce masa bari, ba lallai ya bari ba.

Shi wannan ɗan nawa ne ya kawo mini waya kwanakin baya, yana dariya, wai in zo in ga mutanen da nake ba shi labari. Gasar sumo ce. Na kalli gishirin, na kalli cinikin akuyar, komai yana nan yadda ta faɗa. Ana cikin nuna wani ɗan kokawa yana tahowa ta wata doguwar hanya tsakanin 'yan kallo, sai na hango wani ƙato a gefe, gashi gajere, cikin shuɗiyar jaket, yana miƙa hannu yana mayar da mutane baya. Na ce a tsayar. Yaron ya bincika, ya ce ai haka al'adarsu take, waɗanda suka yi ritaya suka zauna a harkar da irin wannan aiki suke farawa, har waɗanda suka taɓa ɗaura igiya.

Na sa abaya na tafi Sa'alaba. Na tarar da Baba ya dawo daga la'asar, da sanda amma a kan ƙafafunsa. Na zaunar da shi, na sa masa tabarau, na nuna masa. Ya kalla, ya ce a mayar. Ya sake kalla.

Ya ce, "Shi ko kujera ba su ba shi ba."

Muka yi dariya. Ya riƙe wayar a hannu har fuskarta ta yi duhu. Sannan ya ce, "Ummi, gaya mata na gani."

Na buɗe baki in ce ni in gaya wa wa kuma, sai na ga ba ni yake kallo ba.